Layuka Huɗun da Aka Yanke

A ofishinmu ba a kirana da sunana. Hattara suke ce mini, kuma ni na jawo wa kaina. Shekara tara ina rubuta manhajar kwamfuta a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa makarantu da shagunan magani aiki, kuma tun shekarata ta farko nake da wani fayil da nake tara dabarun aiki a ciki. Duk ranar da wani abu ya ba ni wahala har na gano bakin zarensa, sai in rubuta yadda na yi, in liƙa guntun kod ɗin a ƙasa, wato layukan umarnin da muke rubuta wa kwamfuta. A saman kowane guntu kuma akwai gargaɗi, kuma duk gargaɗin da kalma ɗaya yake farawa.

"Hattara, karanta saƙon kuskure har ƙarshe kafin ka fara zagin kwamfuta."

"Hattara, kada ka sa wa abu suna da harafi ɗaya. Bayan wata shida kai ma ba za ka tuna abin da kake nufi ba."

"Hattara da kwanan wata. Uku ga watan huɗu a wurinka, huɗu ga watan uku ne a wurin wani."

"Hattara, kada ka taɓa manhajar mutane ana saura awa ɗaya a tashi daga aiki."

Dabarun sun kai ɗari da arba'in da wani abu. Ban taɓa ɓoye su ba. Fayil ɗin yana cikin jakar da kowane ma'aikaci ke iya buɗewa daga kwamfutarsa. Dogo, abokin aikina da teburinsa ke manne da nawa, wanda ƙafafunsa ke kwana a ƙarƙashin teburina saboda nasa bai ishe su ba, ya fi kowa amfani da shi. In ya maƙale sai ya ce, "Bari in leƙa gidan Hattara in ga ko an yi mini tanadi."

Akwai kuma Mai Turare. Shekara biyu da suka wuce ya zo. Kafin ya shigo ɗaki ƙamshinsa ya riga ya yi sallama, kuma bayan ya fita sai mun buɗe taga. In faɗi gaskiya, ba ɗan uwan Darakta ba ne, kuma ba wanda ya tsaya masa. Baki ne da shi. Yana iya tsayawa gaban mutum arba'in ya yi awa guda yana bayani a kan abin da bai taɓa yi da hannunsa ba, a tashi ana tafa masa. Saboda haka aka ba shi sashen horar da ma'aikatan da ke amfani da manhajarmu a makarantu da shaguna.

Wata ranar Litinin na shigo da safe na tarar da kwali a kusa da teburin sakatariya, rabinsa cike da wasu ƙananan littattafai masu sheƙi. Na ɗauki ɗaya. An rubuta a bangonsa: Dabaru Hamsin Don Ma'aikacin Kwamfuta. A bayansa ga hoton Mai Turare ya harɗe hannuwa a ƙirji, ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga kalmar "marubuci" a ƙasa.

"Ragowar na horon ranar Asabar ne," in ji sakatariya. "Mutum talatin da takwas suka zo, kowa ya tafi da nasa. Kin ga yadda ya yi kyau?"

Na buɗe shafin farko, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a ƙeya. Maganata ce. Na buɗe na biyu, tawa ce. Har barkwancin da na yi a kan firintar ofis da ke cin takarda yana nan. Har wani kuskuren rubutu da na yi shekara shida da suka wuce, na rubuta "fiyal" maimakon "fayil", yana nan daram a shafi na tara. Abu biyu kawai babu: sunana, da gargaɗina. Ko hattara ɗaya ba a bari ba.

Ban ajiye jakata ba na wuce ofishinsa.

"Wannan fa?" Na ɗora littafin a kan teburinsa.

Ya yi murmushi har da gyara zama. "Ah, Anti Hattara! Kin gani ko? Dama ina so in yi miki godiya. Kayanki sun taimaka ƙwarai."

"Sun taimaka? Wane shafi ne naka a ciki? Nuna mini ɗaya."

"Haba, ai ba a haka. Fayil ɗin a jakar kamfani yake, da kwamfutar kamfani kika rubuta, a lokacin kamfani. Ni kuma na tsara, na tace, na zaɓi launi. Kin san wahalar da ke cikin tsara littafi kuwa?"

"Gargaɗin da ke saman kowane guntu fa? Ina ka kai su?"

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Suna tsorata mutane. Kowane shafi hattara, hattara, sai ka ce muna sayar da guba. Kuma suna cinye wuri. So nake kowace dabara ta zauna a shafi ɗaya, tsaf."

Daga nan na wuce wurin Darakta. Ya saurare ni yana duba wayarsa, ya ce ya ji, ya ce ai mu duka ɗaya ne a wannan kamfani, ya ce in an zo bugu na biyu za a duba yiwuwar sa sunana a shafin godiya. Yiwuwa! A shafin godiya! Na juya na fito.

A gida na zazzage wa maigidana komai tun bai cire takalmi ba. Shi mai gyaran wutar lantarki ne, ba ya da yawan magana. Ya juya littafin, ya kalli hoton, ya ce, "Wannan ko sukudireba bai taɓa riƙewa ba." Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu tun da ƙafarta ta fara ciwo, ta ce daga kan tabarmarta, "Ke dai ki yi haƙuri. Suna ai ba a cinsa."

"Inna, shekara tara fa!"

"To, an ɗauke miki abin da ke cikin kanki ne?"

A nan ne na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye ba. Haushin sunan da aka cire ya rufe mini ido. Na jefa littafin a cikin durowa, ban zauna na karanta guntayen kod ɗin ɗaya bayan ɗaya ba. Na ɗauka gargaɗin kawai ya cire. Ban san har cikin kod ɗin ya sa almakashi ba.

Bayan sati biyu, ranar Talata wajen ƙarfe goma na safe, wayar ofis ta yi ƙara. Shugabar wata makarantar sakandare ce da muka yi wa manhajar sakamakon jarabawa. Ina zaune a ƙarshen ɗaki amma ina jin muryarta daga kan wayar. Ɗalibai ɗari biyu da goma sha biyu sun ɓace daga cikin kwamfuta, su da makinsu na zangon gaba ɗaya. Ranar Juma'a kuma za a raba wa iyaye sakamako.

Dogo ya karɓi wayar ya tambayi abin da aka taɓa. Aka ce malamin da ke kula da kwamfutar makarantar ya yi amfani da wata dabara ce daga littafinmu, ta share sunayen da aka shigar sau biyu. Shafi na talatin da ɗaya.

Na jawo durowa. Na buɗe shafin. Sannan na buɗe fayil ɗina a allo, na ajiye su gefe da gefe.

Nawa layi bakwai ne. Na farko yana ɗaukar kwafin dukkan bayanan ya ajiye a gefe. Na biyu da na uku suna tabbatar da cewa ba suna kaɗai ya zo ɗaya ba, har da lambar ɗalibi da ranar haihuwa. Na huɗu yana nuna maka jerin waɗanda za a share, ya tsaya, ya tambaye ka ko ka yarda. Sauran ukun su ne ke sharewa. A samansa na rubuta: "Hattara, mutum biyu na iya zama da suna ɗaya. Kada ka share kowa sai ka ga jerin da idonka."

Na littafin layi uku ne. Ukun ƙarshe, an ɗan gyara su don su yi aiki su kaɗai. Ma'anarsu: duk inda suna ya zo fiye da sau ɗaya, bar ɗaya, share sauran. A makaranta mai ɗalibai kusan dubu, inda a aji ɗaya ma za ka samu yara uku masu amsa suna ɗaya.

"Inna lillahi," in ji Dogo a hankali. "Ya cire birki ya bar totur."

Ba a yi rabin awa ba aka kira ni ɗakin taro. Darakta na zaune a kan tebur, Mai Turare a damansa, da wata takarda a gabansu an riga an buga ta.

"Zauna," in ji Darakta. "Abin da ya faru ya faru. Muna so mu kashe wutar tun ba ta bazu ba. Wannan wasiƙar ban haƙuri ce zuwa ga makarantar. Ki karanta ki sa hannu."

Na karanta. Wasiƙar ta ce an samu kuskure a wani guntun kod da injiniyar kamfani ta rubuta, kuma malamin makarantar ya yi amfani da shi ba tare da tuntuɓar kowa ba. A ƙasa ga cikakken sunana, an bar mini wurin sa hannu. A karon farko da aka buga sunana a kan wani abu da ya shafi littafin nan.

"Ranka ya daɗe, wa ya rubuta wannan?"

"Ni na tsara," in ji Mai Turare. "Ai ke da bakinki kika ce duk abin da ke cikin littafin naki ne. Kin faɗa a ofishina, kin faɗa a gaban Yallaɓai. Ko ba ki faɗa ba?"

Na kalli fuskarsa ko zan ga alamar kunya, ko ɗan kau da ido. Babu. Kallona yake kamar wanda ya ci wasa.

"Sati biyu da suka wuce," na ce, "littafin naka ne, da hotonka a baya. Yau da ya yi ɓarna ya zama nawa?"

"Ba a nan take ba," in ji Darakta. "Ba wanda zai kore ki. Makarantar tana so ta ga sunan wani, shi ke nan. Shi kuma wannan," ya nuna Mai Turare da biro, "shi ne fuskarmu a waje. In aka ɓata shi an ɓata horon gaba ɗaya."

"Ni kuma ba ni da fuska ke nan, ranka ya daɗe? Layi bakwai na rubuta. Ya yanke huɗu don shafi ya yi kyau. Fayil ɗin yana nan, da ranar da na rubuta kowane layi. Dogo zai iya buɗe muku yanzu."

"Ba ma buƙatar wannan dogon bayani."

Na tura takardar zuwa tsakiyar tebur. "Ba zan sa hannu ba. Zan tafi makarantar in ga abin da za a iya cetowa. Kuma ina son jerin mutanen da suka zo horon, da lambobin wayarsu."

"Na mene ne?" in ji Mai Turare.

"Saboda akwai sauran littattafai talatin da bakwai a hannun mutane, kowanne da shafi na talatin da ɗaya."

Ya ce jerin sirrin sashensa ne. Sakatariya ce ta ba ni, don ita ta rubuta sunayen a ƙofa ranar horon. Ta miƙo mini ta ƙarƙashin tebur kamar muna cinikin abin haram.

A cikin motar haya Dogo ya ɗauki rabin jerin, na ɗauki rabi. Kowa muka samu maganar ɗaya ce: kada ka yi amfani da komai a littafin nan sai mun sake kiranka. Wasu sun yi dariya suka ce ko buɗe shi ba su yi ba. Wani ya ce matarsa ta ɗora tukunya a kai. Amma mutum na goma sha huɗu a nawa jerin, wani mai kula da kwamfuta a babban shagon magani, ya ce, "Malama, yau da rana nake shirin yin wannan ɗin. Jerin magungunanmu ya cika da maimaici."

"Maganin yara da na manya, sunansu ɗaya ne a jerin?"

"Da yawa kam. Ƙarfin ne ya bambanta."

"To da ka yi, ɗaya ne zai rage, kuma ba ka san wanne ba."

Na ji yana salati. Na kashe wayar na zauna ina kallon titi ta taga. Dogo ya ci gaba da kiran nasa.

Ɗakin kwamfutar makarantar ƙarami ne, a ƙarshen baranda, da fanka ɗaya mai ƙara da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa. A ciki muka tarar da malamin. Na zaci zan ga wani matashi mai rawar kai. Dattijo ne, ya haura hamsin, da furfura a gemu da alli a hannun rigarsa. Malamin lissafi ne. Shekara ashirin da shida yana koyarwa, aka ɗora masa kwamfuta saboda shi ne kaɗai bai ji tsoronta ba. Littafin yana buɗe a gabansa, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowace jimla.

"'Yata," ya ce da ni, "ni ban yi gaban kaina ba. A wurin horon na ɗaga hannu na tambaya, na ce wannan ba shi da haɗari? Ya ce mini, Baba, ko da ido rufe za ka iya yi. Na kwafa harafi bayan harafi. Sau uku na duba."

"Na sani, Malam. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da aka ba ka ne gurgu."

"Shugaba ta ce in rubuta dalilin da zai hana a sallame ni." Ya nuna mini wata farar takarda da ya rubuta kwanan wata kawai a samanta. "Saura mini shekara huɗu in yi ritaya."

Na cire mayafina daga kafaɗa na ɗaure a ƙugu, na ce, "Ajiye takardar nan tukuna. Ina kwafin ƙarshe da aka ɗauka?"

Akwai kwafi, amma na ƙarshen zangon da ya wuce ne. Da shi muka dawo da sunayen yaran da lambobinsu kafin a tashi daga makaranta. Makin wannan zangon kuwa babu shi a ko'ina sai a takardun malamai. Darasi tara, ɗalibi ɗari biyu da goma sha biyu, kowane darasi da gwaji biyu da jarabawa. Sai an sake shigar da su da hannu.

Malaman ba su ji daɗi ba, kuma ba su ɓoye ba. Sati uku suka yi suna shigar da makin nan. Wata malamar kimiyya ta dire mini takardunta a tebur ta ce, "Ku ne masu kamfanin ko? Allah ya isa lokacinmu." Ban ce mata ba ni ba ce. Me zai ƙara mata? Wani malamin ya riga ya kai nasa takardun gida, ƙaramin ɗansa ya yi zane a bayansu. Wani kuma rubutunsa sai shi, bakwai ɗinsa da ɗayansa ba su da maraba, sai da muka zaunar da shi yana karantawa muna bugawa.

Kwana biyu muka yi a ɗakin nan, daga buɗe ƙofa zuwa rufewa. Malamin lissafi yana karanto maki, ni ina shigarwa, Dogo yana bin bayanmu yana dubawa. Inda yara uku ke da suna ɗaya a aji ɗaya, Malam ba ya ko duba lamba. Sai ya ce, "Wannan mai tabarau ce, ba ta faɗuwa a lissafi. Waccan ta bayan aji ce, mai barci." Ya san su duka. Mutumin da ake so a kora ke nan.

A cikin kwanakin nan Mai Turare bai taka makarantar ba. Saƙo ɗaya ya turo mini: "Anti, yaya ake ciki? Muna tare da ku." Na nuna wa Dogo. Ya ce in ba shi wayar ya amsa, na hana shi, don na san bakinsa.

Ranar Alhamis da rana muka gama. Shugabar makarantar ta kira ni ofishinta. Mace ce mai kaifin ido, ba ta son kwana-kwana. A kan teburinta na ga wasiƙar nan, an aiko mata ba tare da sa hannuna ba, amma sunana na ciki.

"Ke ce injiniyar da aka ambata a nan?"

"Ni ce."

"Ke kika lalata, ke kika gyara. To na gode da rabin. Shi kuma malamina, kamfaninku ya ce bai tuntuɓi kowa ba."

Na san abin da Darakta zai so in ce. Na san kuma abin da zai biyo baya in ban faɗi hakan ba. Amma ta tagar ofishin ina hango dattijon a baranda, ya riƙe farar takardarsa a naɗe, yana jiran a kira shi.

Na buɗe jakata na fito da takarda biyu da na buga tun ranar Talata: shafina mai layi bakwai da gargaɗinsa da ranar da aka rubuta shi, da shafi na talatin da ɗaya. Na ajiye su a gabanta. Na yi mata bayanin aikin kowane layi da kalmomin da za ta gane. Na gaya mata tambayar da malaminta ya yi a wurin horo da amsar da aka ba shi.

Ta daɗe tana kallon takardun. Sannan ta juya littafin ta kalli hoton da ke bayansa.

"Wannan ne ya yanke?"

"Shi ne."

"Shi ne kuma ya rubuta mini wannan wasiƙar?"

"Shi ne."

Ta ɗauki wayarta. Ban tsaya jin abin da za ta ce wa Darakta ba, amma ina baranda ina jin tashin muryarta. Da ta gama ta leƙo ta ce wa malamin, "Malam, koma ajinka. Yaga takardar nan."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya juyo gare ni. Ya ɗaga mini hannu biyu ya wuce.

Da na koma ofis washegari, Darakta ko zama bai ce in yi ba.

"Kin fitar da sirrin kamfani ga abokin hulɗa. Kin kira mutum talatin da bakwai kin ce musu littafinmu ba shi da kyau. Kin san abin da kika jawo mana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Shagon magani guda bai haɗa maganin yara da na manya ba. Dattijo guda bai rasa aikinsa ba."

"Makarantar ta ce ba za ta sake turo kowa horonmu ba!"

"Wannan kuma a tambayi wanda ya yi horon."

Ya buga tebur. Ya ce ba ni da biyayya, ya ce na cika taurin kai, ya ce shekara tara yana haƙuri da halina. Aka ba ni takardar dakatarwa ta sati ɗaya. Ni. Mai Turare kuwa aka ce masa ya riƙa kulawa nan gaba, kuma a ofis a rufe aka gaya masa, sakatariya ce ta ji ta bango. An dai aika direba ya bi wuraren nan ya karɓo littattafan, aka ce wa mutane za a sabunta su ne. Talatin da biyar aka samu. Suna nan a ɗakin ajiya, a bayan tsofaffin kujeru.

Satin dakatarwar a gida na yi shi, ina safa da marwa tsakanin ɗaki da tsakar gida, ina maimaita maganganun da ya kamata in faɗa ban faɗa ba. Maigidana ya ce in ina so in bar aikin in bari, zai riƙe gidan har in samu wani. Na yi tunani sosai. Amma makarantu goma sha ɗaya ne ke aiki da manhajar da na rubuta, kuma na san hannun da za ta faɗa in na tafi.

Ranar da na koma, na haɗu da Mai Turare a matattakala. Ya washe baki ya yi sallama ya ce, "Anti Hattara, barka da hutu! Komai ya wuce ko?"

Na amsa sallamarsa, don hakkinsa ne. Sauran ban amsa ba. Na raɓa shi na hau.

Yau wata biyar ke nan. Yana nan a sashensa, yana tsayawa gaban mutane, ana tafa masa. Duk abin da zai raba yanzu sai ya biyo ta teburina, umarnin Darakta ne, duk da ba a taɓa faɗin dalili ba. Ina karanta kowane layi, in mayar masa da abin da bai yi ba, ba tare da na ɗaga kai ba.

Inna ta ji daga bakin Dogo cewa amsa sallama kaɗai ke haɗa ni da Mai Turare, ranar da ya zo duba ƙafarta. Da ya tafi ta kira ni.

"Wata biyar kina gaba da mutum? Ba haka na rene ki ba."

"Ba gaba nake ba, Inna. Ina amsa sallamarsa."

"Ki yafe masa mana."

"Ya nema ne? Ko sau ɗaya bai ce ya yi ba daidai ba. Kuma ba ni kaɗai ya cuta ba. Ya je ya samu dattijon nan tukuna."

Ta yi tsaki ta miƙo mini ƙafarta in shafa mata magani. "Taurin kan ubanki kika ɗauko, ba ki bar komai ba."

Na buɗe kwalbar na durƙusa. "Juyo da ita nan, Inna. Ina ne ya fi ciwo?"